SUNA LINZAMI: MECE CE MA'ANAR TERAMAISIN?

Da wuya a sami gidan manomi a ƙasar Kudan, ko Makarfi, ko Ikara, inda ba a san sunan teramaisin ba. San huɗa ya yi tari, sai a ce a yi masa teramaisin. Akuya ta yi zawo, teramaisin. Kaji sun fara gyangyaɗi da hunturu, sai a fasa kafso ja da yalo a zuba musu cikin ruwan sha. Har yaro ma in cikinsa ya ɓaci, akan aika kemis a sayo masa. Amma da za a tsai da mutum goma a kasuwa a tambaye su ma'anar wannan suna, da abin da ke cikin kwalbar da suka saya, ba lalle ba ne a sami ɗaya da zai faɗa.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wannan magana ta zauna daidai a kan magani, gama sunan magani shi ne ke jan mutum zuwa ga saninsa: danginsa, da aikinsa, da haɗarinsa. Wanda ya iya karanta sunan ba za a sayar masa da abu ɗaya sau biyu ba, ba kuwa zai ba dabbarsa ko ɗansa abin da zai cuce su ba. Saboda haka bari mu ɗauki wannan suna mu warware shi daki-daki.

MAGANI ƊAYA, SUNA BIYU

Kusan kowane maganin asibiti yana da suna iri biyu. Akwai sunan kasuwa, wanda kamfani ya raɗa wa kayansa, ya yi masa rajista, ba mai ikon amfani da shi sai shi. Akwai kuma sunan asali, wato sunan ainihin sinadarin da ke yin aikin. Wannan na biyun ba mallakar kowa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ce take tsara irin waɗannan sunaye, ta kuwa fitar da jerinsu na farko a shekarar 1953, domin likitan Zariya da na Indiya da na Ingila su kira magani ɗaya da suna ɗaya.

Kalmar da muka mayar teramaisin a bakinmu, a Turance ana rubuta ta Terramycin. Sunan kasuwa ne na kamfanin Pfizer na Amurka. Tun daga 2013, sa'ad da sashen magungunan dabbobi na kamfanin ya ware ya zama kamfanin Zoetis, shi ne ke riƙe da sunan a kan magungunan dabbobi. Sunan asalin maganin kuwa shi ne Oxytetracycline. Ku dubi wannan kalma da kyau, gama ita ce za ku riƙa nema a jikin kwalba.

Abin da ya faru da teramaisin shi ne abin da ya faru da Omo da Maggi. Kowane garin sabulu mukan ce masa omo, kowane ɗanɗanon miya mukan ce masa magi, ko wane kamfani ne ya yi shi. Haka nan kamfanoni masu yawa a Sin da Indiya da Turai da nan Nijeriya suna yin Oxytetracycline, kowanne da nasa sunan kasuwa da nasa hoton sa ko kaza a jikin kwali. A Turancin likitoci, in za a rubuta wa mutum magani ko a koyar da ɗalibai, sunan asali ake so a yi amfani da shi, da ƙaramin baƙi a farkonsa. Sunan kasuwa kuwa da babban baƙi yake farawa, kuma shi ne kamfani yake bugawa da manyan haruffa. Sunan asali yakan kasance a ƙarƙashinsa, da ƙananan haruffa.

Ga amfanin sanin wannan. Manomi ya yi wa sansa allura kwana biyu bai ga sauƙi ba, ya koma wurin mai magani ya ce a sake masa wani. Aka ba shi wata kwalba mai wani suna da wani launi. In ya duba ƙananan haruffan nan ya ga Oxytetracycline a jikin duka biyun, to, bai sake magani ba, kwalba kawai ya sake. Kuɗinsa sun tafi, ciwon kuwa yana nan.

DAGA ƘASA AKA SAMO SHI

Sunan Terramycin kalma biyu ce aka haɗa. Ta farko, terra, da harshen Latin tana nufin ƙasa, wato wannan da muke nomawa. Ta biyu, mycin, daga harshen Girka aka samo ta, daga kalmar da ke nufin funfuna ko naman kaza. In aka haɗa, ma'anar ita ce abin da aka samo daga funfunar ƙasa.

A cikin ƙasar gona akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita, masana suna kiran danginsu Streptomyces. Suna yin zare-zare kamar funfuna, shi ya sa aka ba su wannan suna, ko da yake a gaskiya dangin bakteriya ne. Kowane manomi ya san su ta hanci ko bai san sunansu ba, gama su ne ke fitar da yawancin ƙamshin nan da ƙasa take yi in ruwan fari ya sauka. Waɗannan halittu suna gasar abinci da maƙwabtansu a cikin ƙasa, suna kuwa fitar da wasu sinadarai da ke hana maƙwabtan yaɗuwa. Irin wannan sinadari ne ake kira antibiotic a Turance, wato abin da wata halitta take fitarwa don ta yaƙi wata. Selman Waksman, masanin ƙasar noma a Jami'ar Rutgers ta Amurka, shi ne ya yayata wannan kalma. A ɗakin bincikensa ne ɗalibinsa Albert Schatz ya gano Streptomycin a 1943, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka.

Da aka ga haka, sai kamfanoni suka shiga tonon ƙasa. A 1945 wani tsohon malamin ilmin tsirrai mai suna Benjamin Duggar, yana da shekara 73, ya sami wata halitta mai fitar da sinadari ruwan zinariya a cikin ƙasar da aka ɗebo daga gonar gwaji ta Jami'ar Missouri. Kamfanin Lederle ya fito da maganin a 1948 da sunan Aureomycin, daga kalmar Latin mai nufin zinariya. Kamfanin Pfizer kuma ya roƙi matuƙan jirgin sama da matafiya da 'yan mishan su riƙa aiko masa da ƙasa daga ko'ina a duniya. An gwada samfurin ƙasa fiye da 100,000. A ƙarshe, wanda ya ba da maganin da ake nema daga kusa da masana'antar kamfanin da ke garin Terre Haute a jihar Indiana aka ɗebo shi. A 1950 aka fara sayar da shi da sunan Terramycin.

Wani abin mamaki kuma, a 1980 masu binciken tarihi sun ba da labarin samun alamar dangin wannan magani a ƙasusuwan mutanen Nubiya, a ƙasar Sudan ta yau, waɗanda suka rayu tsakanin shekara ta 350 da ta 550 bayan haihuwar Almasihu. Ana jin daga jiƙaƙƙen hatsin da suke yin giya da shi ne halittun suka shiga abincinsu.

YADDA ZA A WARWARE SUNAN ASALI

Kalmar Oxytetracycline tana da tsawo, amma in an yanka ta uku ba ta da wuya. Tetra da harshen Girka huɗu ke nan. Cycline daga kalmar da ke nufin zobe ko da'ira aka samo ta, ita ce kuma ke cikin sunan keke na Turanci. Masana sun gano a farkon shekarun 1950 cewa ƙirar wannan sinadari kamar zobba huɗu ce da aka jera aka manne su gefe da gefe. Oxy kuwa tana nuna cewa akwai ƙarin oksijin a jikin ɗaya daga cikin zobban. Wato, mai zobe huɗu da ƙarin oksijin.

Wannan ya nuna mana dangin maganin. Duk sunan asalin da ya ƙare da cycline, ɗan gida ɗaya ne:

Chlortetracycline, shi ne Aureomycin na 1948.
Oxytetracycline, shi ne Terramycin na 1950.
Tetracycline, wanda Lloyd Conover ya sarrafa a 1952. Shi ne galibi ke cikin kafso ja da yalo.
Doxycycline, wanda ya fito a 1967, shi ne likitocin mutane suka fi rubutawa yanzu daga cikin wannan dangi.

Tun da gidansu ɗaya, halinsu ma kusan ɗaya ne. Ƙwayar cutar da ta gagari ɗaya daga cikin tsofaffin ukun nan, yawanci ta gagari sauran.

A nan akwai wani tarko. Wutsiyar mycin da ke jikin Terramycin ba ta nuna dangi, inda aka samo magani kaɗai take nunawa. Streptomycin da Neomycin da Erythromycin duk suna da wannan wutsiya, amma ba ɗayansu da ke gidan masu zobe huɗu. Kamar mutum uku ne da ake ce wa kowannensu ɗan Hunƙuyi, ba ya nuna uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Haka kuma sunayen da suka ƙare da cillin, irin su Penicillin da Ampicillin da Amoxicillin, wani gida ne dabam. Akwai kuma Chloromycetin, sunan kasuwa na Chloramphenicol. Wannan bai kamata ya shiga jikin dabbar da za a ci namanta ko a sha nononta ba ko kaɗan. Ƙasashe da yawa sun haramta haka, gama ragowarsa tana iya lalata ɓargon da ke yin jini a jikin wasu mutane.

ABIN DA YAKE YI, DA ABIN DA BA YA YI

A jikin kwali za ku ga an rubuta broad spectrum. Mutane da yawa sun ɗauka ma'anarsa maganin kowace cuta. Ba haka ba ne. Abin da ake nufi shi ne yana aiki a kan bakteriya iri-iri masu yawa. Bakteriya kuwa kashi ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke kawo ciwo.

Yadda yake aiki shi ne, yakan shiga cikin bakteriya ya tsai da wurin da take ƙera sinadarin gina jikinta. Ba ya kashe ta nan take, hana ta girma da hayayyafa yake yi, sa'an nan jikin dabba ko na mutum ya ƙarasa ta. Shi ya sa dole maganin ya daɗe a jiki gwargwadon kwanakin da aka ƙayyade. Shi ya sa kuma ba a so a haɗa shi da Penicillin haka kawai, gama Penicillin ya fi cin bakteriyar da ke cikin girma, shi kuwa wannan ya riga ya tsai da girman.

Likitocin dabbobi sukan yi amfani da shi a kan kirci, wanda ke damun shanu da damina, da ruɓewar kofato, da ciwon haƙarƙari na bakteriya, da wasu cututtuka biyu da kaska ke kawowa. Ɗaya ita ce mai shanye jinin sa har idonsa ya yi fari ko rawaya. Ɗayar kuma ita ce mai sa tunkiya ko akuya ta riƙa zagaye, ta faɗi tana shure-shure, in an yanka a tarar ruwa ya taru a jakar zuciya. A wannan ta biyun, sai an yi allurar da wuri take amfani.

Ga kuma inda ba ya aiki. Ba ya kashe tsutsar ciki, ba ya kashe tsutsar hanta da dabbobi ke ɗauka a fadama. Ba shi ne maganin sammore ba. Ba ya taɓa bairas, wato ƙwayar cutar da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Boru bairas ne. Annobar awaki da tumaki mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo, wadda likitoci ke kira PPR, bairas ce. Annobar kaji ta Niyukasil, mai share akurki da hunturu, ita ma bairas ce. Wani lokaci likita yakan yi wa dabba mai irin waɗannan cututtuka allurar Oxytetracycline don ya tare bakteriyar da ke bin bayan ciwon, amma shi kansa ya san ba ita ce za ta kashe tushen cutar ba. Maganin waɗannan rigakafi ne. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin PPR da ta Niyukasil. Dattawa za su tuna da bushiya da ɓarnar da ta yi wa shanu a ƙasar nan a 1983. Ba teramaisin ne ya kawar da ita ba, rigakafi ne, har aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya duka a 2011.

Ciwon huhu na shanu mai yaɗuwa yana bukatar kulawa ta musamman. Allura takan sa sa ya ji sauƙi a ido, alhali cutar tana iya maƙalewa a huhunsa, ya ci gaba da shafa wa garke. In kun yi zaton shi ne, ku ware dabbar, ku sanar da malamin dabbobi.

SAURAN RUBUTUN JIKIN KWALBA

Bayan suna, akwai lamba. Manomi ya san ba a sayen taki don kyan buhu, sai an duba ko 15-15-15 ne ko 20-10-10. Haka kwalbar allura take. In an rubuta 5%, kowane mil ɗaya yana ɗauke da miligiram 50 na magani. In 10% ne, miligiram 100. In 20% ne, miligiram 200.

Haruffan L.A. da kuke gani suna nufin mai daɗewa a jiki. Irin wannan yawanci 20% ne, allura ɗaya takan yi aiki wajen kwana uku. Ma'aunin da aka saba rubutawa a jikinsa shi ne mil 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Ke nan akuya mai kilo 25 mil 2 da rabi za ta sha, san huɗa mai kilo 300 kuwa mil 30, a raba shi wuri biyu ko uku, gama tara shi wuri ɗaya yakan kawo kumburi ya ɓata nama. To, a ce an ɗebi mil 30 ɗin nan daga kwalbar 5%. Maimakon miligiram 6,000, san ya sami 1,500 kawai, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Kwalbar 5% tana da nata ƙa'ida dabam, kullum ake yin ta har kwana uku zuwa biyar. Duka biyun teramaisin ake ce musu a kasuwa, amma ba a yin su iri ɗaya.

Haruffan I.M. suna nufin a yi allurar cikin tsoka. Exp. tana nuna watan da shekarar da magani zai lalace. For veterinary use only, ko For animal use only, yana nufin na dabbobi ne kaɗai, kada a yi wa mutum. Ku nemi lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. Ruwan maganin rawaya ne ko ruwan zuma. In ya yi baƙi ƙwarai, ko an shanya shi a rana a kan tabarmar kasuwa, ku bar shi. Araha ba ta ado.

Sai kalmomin Withdrawal period, waɗanda suka fi kowanne muhimmanci ga iyali. Su ne kwanakin da za a jira bayan allurar ƙarshe kafin a yanka dabba, ko a sha nononta, ko a ci ƙwan kaza. Sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ga mai daɗewa a jiki, nama yakan ɗauki mako uku zuwa biyar, nono kuwa kwana huɗu zuwa bakwai. Abin da aka rubuta a kwalbar da ke hannunku shi za ku bi. Dafuwa ba ta kawar da ragowar maganin duka. Mata masu sarrafa nono su lura, nonon saniyar da aka yi wa allura yakan ƙi yin tsami yadda ya kamata, gama maganin yana tsai da bakteriya masu amfani da ke mayar da madara kindirmo. Mutumin da ya ga sansa ba zai tashi ba bayan allura, ya yi sauri ya sayar wa mahauta, maganin nan cikin tukunyar maƙwabtansa ya zuba shi.

JA DA YALO A JIKIN MUTUM

Launin kafso ba suna ba ne. Kowane kamfani yana iya zuba abin da ya ga dama a kafso ja da yalo, saboda haka sai an karanta rubutun. In Tetracycline ne ko Oxytetracycline, ga abubuwa huɗu da kowane uba da kowace uwa ya kamata su sani.

Na farko, wannan dangin magani yana manne wa sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. In an ba yaron da bai kai shekara 8 ba, haƙoransa na girma suna iya fitowa rawaya ko ruwan toka, kuma ba asuwakin da zai wanke su har abada. Mace mai ciki ma ba a ba ta, saboda ƙashi da haƙoran ɗan da ke cikinta.

Na biyu, saboda wannan hali nasa, in aka sha shi da madara ko fura da nono, yakan manne wa sinadarin da ke cikin nonon ya wuce ta hanji bai shiga jini ba. Haka yake yi da ƙwayar ƙarin jini da maganin ƙwannafi. Ana shan sa da ruwa mai yawa, a bar kamar awa biyu tsakaninsa da waɗannan.

Na uku, wanda kwanansa ya wuce yana iya zama dafi. Tun farkon shekarun 1960 likitoci suka ba da labarin mutanen da tsohon Tetracycline ya taɓa musu ƙoda.

Na huɗu, mura da ƙyanda bairas ne ke kawo su, haka ma yawancin zawon yara ƙanana. Abin da ke ceton yaro mai zawo shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, da ci gaba da ba shi nono da abinci, da kai shi asibiti in akwai jini a bayan gidansa ko ya galabaita.

Wannan ba ya nufin maganin ya daina amfani. Man ido na Tetracycline 1% har yanzu ana amfani da shi a idon jarirai sababbin haihuwa da kuma kan amosanin ido. Doxycycline yana cikin magungunan da likita ke ba mai kwalara mai tsanani, bayan ƙarin ruwa. Amma malamin asibiti ne zai faɗi lokacin da ya dace.

ME YA SA ƘARFINSA YAKE RAGUWA?

Masu noman tumatir ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar sharon ta cinye gonaki a jihohin Kaduna da Kano, aka yi ta feshi da magungunan da aka saba amma ta ƙi mutuwa. Abin da ya faru da tsutsa a gona yana faruwa da bakteriya a jiki. In an ba da magani kaɗan, ko an tsaya kafin kwanaki su cika, ko ana ba da shi kullum ba dalili, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Bakteriya har tana iya miƙa wa 'yar'uwarta wannan taurin kai. Daga kashin kaza da na shanu su shiga taki, da ruwan rijiya, da hannun yara.

An ga wannan a fili a Tanzaniya. Da kwalara ta ɓarke can a 1977, aka yi ta raba wa jama'a Tetracycline don kariya. Cikin wata biyar zuwa shida, wajen kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin kwalarar da aka gwada sun daina jin maganin.

A wajen kiwo, tun wajen 1950 masana a kamfanin Lederle suka lura cewa kajin da aka ba ragowar Aureomycin a abinci sun fi saurin girma. Daga nan aka shiga zuba shi a abincin dabbobi masu lafiya. A 1969 wani kwamiti a Ingila ƙarƙashin Michael Swann ya yi gargaɗi a kan haka. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna don ƙiba a 2006. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manoma su daina ba dabbobi masu lafiya, a shekarar ce kuma Nijeriya ta fitar da shirinta na farko na ƙasa kan wannan matsala. Wani babban bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi shafa.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar ƙungiya. Ga shawarwari da za ku tattauna a taronku na gaba.

1. Ku zaɓi mutum biyu masu karatun boko, mace da namiji, su zama masu duba sunan asali da lamba da ranar lalacewa kafin kowa ya yi amfani da magani.

2. Ku ajiye littafi. A rubuta dabbar wane ce, wane magani aka yi mata da sunansa na asali, mil nawa, wace rana, da ranar da za a iya cin nama ko shan nono.

3. Ku sayi tef na awon ƙirjin shanu, wanda ke nuna kimanin nauyi, domin a daina yin allura da ka.

4. Ku haɗa kuɗi ku yi rigakafin kaji kafin hunturu, da na awaki da tumaki. Kwalbar rigakafi ta dabbobi da yawa ce, ga mutum ɗaya asara ce, ga ƙungiya kuwa riba.

5. In dabba ba ta ji sauƙi ba bayan kwana uku, kada a ƙara mata wata kwalba. A nemi malamin dabbobi ta sashen gona na ƙaramar hukuma a Hunƙuyi, ko Makarfi, ko Ikara. In abin ya yi tsanani ko ya shafi garke, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru bai yi mana nisa ba.

6. A daina fasa kafson mutane ana zuba wa kaji, a daina kuma ba mutane maganin dabbobi.

Kafin taron, kowa ya tattaro kwalabe da ledojin maganin dabbobi da ke ɗakinsa ya zo da su. A jera su a kan tabarma, a karanta ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin manyan, a ware waɗanda aka rubuta wa Oxytetracycline gefe ɗaya. Za ku ga da idonku sunaye nawa magani ɗaya yake da su. Waɗanda kwanansu ya wuce kuwa, kada a mayar da su gida, kada kuma a zuba su kusa da rijiya ko rafi. A miƙa su ga malamin dabbobi ya san yadda zai yi da su.